Ƙafata na ƙaiƙayin tafiya, aljihu ya ƙi: yaya mutum zai yi a cikin Kano?

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata damuwa na kawo, don Allah kada a yi min dariya. Ni mutum ne mai son tafiya. A da duk ƙarshen shekara nakan ɗau hutu in shiga mota, ko Jos, ko Yankari, sau ɗaya har Maraɗi na je. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ko Wudil ban ƙara wucewa ba. Kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, iyali sun ƙaru, hanyar ma sai da addu'a. Amma abin bai sake ni ba. In na bi ta Unguwa Uku na ji 'yan kamasho na kiran Bauchi, Gombe, Yola, wallahi ji nake kamar in faɗa motar. Maiɗakina ta ce aljanin yawo ne ya shafe ni. To akwai dabarar da mutum zai kashe wannan ƙishirwa bai bar Kano ba? Ko dai haƙuri ne kawai maganin?

Sarkin_Zolaya:
Wa alaikumus salam. Hau adaidaita daga Gwammaja zuwa Mariri da tsakar rana, ka dawo ta Zariya Rod. In ka iso gida sha'awar tafiya ba ta fita daga ranka ba, ni zan biya maka kuɗin Yola.

Maman_Hanifa:
Kai dai ba ka rabo da shiririta. Bawan Allah ya kawo magana ta tsakani da Allah.

Tsohon_Malamin_Tarihi:
Ɗana na Gwammaja, bari in fara yi maka tambaya kafin in ba ka amsa. Daga gidanku zuwa gindin Dala tafiyar minti nawa ce? Yaushe rabonka da hawa? Na san amsar, don shekara talatin na yi ina yi wa ɗalibai wannan tambaya, kuma a aji na mutum sittin da ƙyar ake samun goma da suka taɓa hawa.

Abin da nake so ka lura da shi: garuruwan da kake marmarin zuwa, mutanensu sun riga sun zo nan sun kafa unguwa, sunayen na nan ba su goge ba. Zangon Barebari mutanen Barno ne. Tudun Nufawa ba sai an faɗa ba. Ayagi Yarabawa ne 'yan kasuwa da suka zauna tun kafin zuwan Bature. Agadasawa daga Agadas. Madabo ta Wangarawa ce, malaman da suka zo daga ƙasar Mali. Alfindiki kalmar Larabci ce ta masaukin fatake, Alkantara kuma gada. Duk waɗannan a ƙafa za ka zaga su tsakanin hantsi da azahar, ba ka biya ɗan kamasho ko sisi ba.

Amma akwai sharaɗi. In ka bi lungunan kana sauri kamar mai zuwa ɗaurin aure, bango da kwata kawai za ka gani. Sai ka tsaya, ka yi sallama da dattijon da ke zaune a dakali, ka ce Baba ni baƙo ne, me ya sa ake kiran nan kaza. Daga nan tafiyar take farawa.

Bakatsine_a_Kano:
Malam ka manta Dandalin Turawa. Nan ne Turawan mulkin mallaka suka fara zama da suka ci garin, ko?

Tsohon_Malamin_Tarihi:
A'a, nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Turawan da ke cikin wannan suna Larabawa ne, 'yan kasuwar Tarabulus da Gadamas da ke ƙetaro Sahara. A tsohuwar Hausa su ake kira Turawa, daga baya sunan ya koma kan Nasara. Su Ingilishi da suka shigo ta Ƙofar Kabuga a watan Fabrairun 1903, Sarki Alu ba ya ma gari, ya tafi Sakkwato, ba su zauna cikin birni ba, Nasarawa suka tare a bayan badala.

Bakatsine_a_Kano:
Ikon Allah. Shekara goma sha ɗaya ina garin nan ina faɗa wa baƙina akasin haka. Allah ya yafe min ƙaryar da na shuka.

Direban_Tirela77:
Ku yi haƙuri in ɓata muku hira. Da girmamawa Malam, wannan duk lallashin yaro ne. Shekara ashirin da biyu ina kan hanya, Legas, Fatakwal, Agadas, Njamena. Abin da ke cikin tafiya shi ne ka wayi gari inda ba wanda ya san ubanka, iskar daban, ƙasar daban, in ka nemi ruwa sai ka yi da hannu. Ranar da na fara ganin teku a Legas na fi minti talatin a tsaye ban ce uffan ba. Wace unguwa ce a Kano za ta ba ka wannan? Jakara? Mutumin nan ya ce yana jin yunwa, kuna nuna masa hoton tuwo.

Sarkin_Zolaya:
Jakara ma ai tana da nata ƙamshin da teku ba shi da shi.

Uwar_Biyu:
Direba, kai namiji ne mai mota a hannu, shi ya sa kake magana haka. Mu fa? Ni an haife ni a Yakasai, an kai ni Hotoro, iyakar duniyata ke nan sai Zariya gidan ƙanwar mahaifiyata. Ba kuɗi ne kaɗai ke hana mu ba, kun sani. Bara da hutun yara ya zo suka dame ni, ƙawayensu an tafi Abuja, sai na ce wa babansu ya ba mu kuɗin adaidaita kawai. Muka je Gidan Makama. Wallahi sau nawa na wuce ƙofar gidan nan tun ina yarinya, ban taɓa sanin abin da ke ciki ba. Tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, sulke, kayan ɗakin amarya irin na da, hotunan Kano kafin a yi kwalta. Babbar 'yata ta tsaya gaban wani hoto ta ce Umma ashe haka kakanninmu suke ɗaura zani. Ginin kansa in ka shiga sai ka ji sanyi kamar an kunna na'ura, alhali ƙasa ce da azara. Mun dawo gida da yamma a gajiye tiɓis kamar waɗanda suka sauko daga motar Legas. Ka kira shi hoton tuwo in ka so, mu dai mun ƙoshi ranar.

Maman_Hanifa:
Allah ya biya ki 'yar'uwa. Kin faɗi abin da ke raina.

Direban_Tirela77:
Hajiya ban raina naki ba, Allah ya ba da haƙuri. Da shi mai tambayar nake, wanda ya riga ya ɗanɗana hanya.

Ɗan_Koli:
Ni a Kurmi na tashi, rumfar mahaifina ce nake zaune yanzu. Ɗan_Gwammaja, ka zo ranar da ba ka da abin saye, don mai saye idonsa na kan abu ɗaya. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma har gobe kayan da ke shigowa suna ɗauke da sunan inda suka fito. Ka je layin masu kanwa ka ce a nuna maka ungurnu, ka tambayi daga ina. Ka nemi kantun gishirin Balma, wanda Buzaye ke ɗaukowa a raƙumi. Ka leƙa 'yan sirdi ka ga yadda ake ɗinka kayan doki, ka wuce wajen dukawa, ka ƙarasa wajen masu turaren wuta inda matan Barno da Shuwa ke ciniki. Kowane layi da warinsa. Ni da ido rufe zan gaya maka inda muke.

Akwai wani tsoho Buzu da ke sauka wajenmu duk shekara bayan kaka. In ya zauna ya haɗa shayinsa a ɗan butar nan, sai ya yi ta ba mu labarin rijiyoyin da ke tsakanin Agadas da Balma, wacce ruwanta ke da zartsi, wacce in ka kuskure ta ka mutu. Ban taɓa wuce Daura ba, amma na san sunayen rijiyoyin nan kamar na san lungunan unguwarmu.

Injiniya_Sharaɗa:
Wannan na Ɗan_Koli shi ne ainihin maganar a ganina. Gini ba ya magana, mutane ne ke yi. Ni dabarata teburin mai shayi na tashar Ƙofar Ruwa, inda motocin Nijar ke lodi. Ka sayi shayi da burodi ka zauna awa ɗaya. Za ka ji Hausar Maraɗi, ta Damagaram, ta Tawa, ka ji ana lissafi da jika da dala, ka ji nawa ake karɓa a kowane shinge. Haka Dawanau ranar da manyan motoci suka shigo.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ina karanta ku ina murmushi, don mu nan burin kowane saurayi ya tara 'yan jikkuna ya je Kano ya ga Kwari da gadoji. Ku kuma kuna can kuna ƙorafin kun gaji da ita. Ni ma haka nake da garinmu. Ina Zango, amma sai da wani abokina na lakwal, wato makaranta, ya zo daga Yamai ya ce in raka shi cikin Birni, sannan na tsaya na dubi zanen da ke jikin sorayen nan da duwatsun da gidaje suka kewaye. Shi ne ma ya tuna min Zinder ce babban birnin Nijar har 1926 kafin a mayar Yamai. An koya mana a aji, amma ban taɓa haɗa shi da titin da nake bi kullum ba. Shawarata ga mai tambaya, ya samu baƙo ya zaga da shi. Idon baƙo aro ake yi.

Bakatsine_a_Kano:
Gaskiya ne. Ni ma hasumiyar Gobarau sai da na dawo Kano da zama sannan na hau ta, wata sallah da na je gida da abokin aikina Bayarabe. Shi ya matsa.

Hajiyar_Gurasa:
Tunda an ambaci Larabawan Dandali, ku sani gurasar da kuke ci da tsire daga wajensu ta samo asali, ita da alkaki. Kakata a wannan yankin ta koyi sana'ar, a tanderu ake gasa ta, a manna ƙullin a jikin tukunyar. Mai son tafiya ya fara da bakinsa.

Sarkin_Zolaya:
Hajiya talla kika shigo yi, mun gane. Nawa bandashe?

Hajiyar_Gurasa:
Kai ko kyauta ba zan ba ka ba, ɗan nema.

Abu_Sabongari:
Maganar ciki da Hajiya ta ɗauko ba wasa ba ce. 'Yan cikin gari da yawa Sabon Gari a wajensu kasuwa ce kawai, a sayi kayan lantarki a gudu. Ku shiga ciki sosai, ta Faransa Rod ko Ibo Rod, ranar Lahadi da safe. Mata da ashobi da ɗaurin kai kamar faranti, waƙa na tashi ta ko'ina, yare huɗu a layi ɗaya. Ka samu wajen mai abinci mai tsabta ka ci sakwara da miyar agushi, ko amala da ewedu, a hannun wanda abincin garinsu ne. In ka je Niyu Rod da yamma lokacin da manyan bas-bas na kudu ke lodi, ka rantse kana Onica. Unguwar nan ta haura shekara ɗari, ta taso ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, akwai Ibo da Yarabawan da kakanninsu a nan aka haife su, Hausarsu ta fi tawa.

Abu_Ammar:
A dai yi hattara da inda za a shiga da abin da za a ci. Ba kowane wuri ne ya dace da mutumin kirki ba, musamman da dare.

Abu_Sabongari:
Shi ya sa na ce da safe, Malam. Kuma masu abinci Musulmi Yarabawa sun cika unguwar, tambaya kawai za ka yi. Mu da muke zaune a nan ma mutanen kirki ne, in sha Allah.

Abu_Ammar:
Ban nufi haka ba ɗan'uwa, a gafarce ni.

Yarinyar_BUK:
Ni fa ban ga wanda ya ambaci waya ba. Da Google Earth na zaga Istanbul, na bi titunan Alƙahira, har saman dutsen Uhudu na leƙa. Akwai masu ɗaukar bidiyo suna tafiya a ƙafa cikin gari awa guda ba sa magana, sai ƙarar titi kawai. In aka kawo wuta na sa a talabijin, na haɗa shayi, shi ke nan na tafi. Kuma na fara koyon Turkanci a manhaja, wata na biyar ke nan.

Direban_Tirela77:
'Yata, wannan ai shi ne hoton tuwon da nake faɗa, har da firem.

Injiniya_Sharaɗa:
Ni na gwada wannan, ƙara min ciwon ya yi. Ka gama kallon titin da ba rami ko ɗaya, a ɗauke wuta, ka fito ka taka kwata. Ga kuɗin data da in ka tara na wata uku ya kai ka Zariya ka dawo. Gara rediyo ma, irin yadda iyayenmu ke kama gajeren zango da dare, kunne na ji zuciya na zana nata hoton.

Yarinyar_BUK:
Kowa da inda yake samun sauƙi, Yaya. Ni ba a bari na in je Kurmi ni kaɗai in zauna wajen Buzu ina shan shayi.

Marini_Ƙofar_Mata:
Abin da ke ba ni mamaki, mu a karofi baƙin da ke zuwa kallo yawancinsu daga nesa suke. Turawa, 'yan Japan, 'yan Legas masu harkar ɗinki. Su biya kuɗin jirgi su zo su tsuguna bakin rami suna tambayar yadda ake haɗa baba da toka da katsi, kwana nawa ruwan ke yi kafin ya nuna, me ya sa zane ke fitowa kore sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Ɗan Kano kuwa ya wuce a adaidaita ya toshe hanci. A jikin ƙofarmu an rubuta 1498. Ramuka da yawa yanzu sun bushe, an cika wasu da shara, don yaranmu sun ce sana'ar ba ta kawo na cefane. In ka zo ka ƙarasa wajen masu bugu ka ji yadda suke sauke guduma a tare kamar kiɗa. Shuɗin rawanin da kuke gani a kan Buzaye a talabijin, a ƙasar Kano ake rina irinsa, musamman Kura.

Tsohon_Malamin_Tarihi:
Marini ya tuna min. Wani matafiyi Bajamushe, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851 bayan ya ƙetaro hamada daga Tarabulus, kuma cikin abin da ya ba shi mamaki akwai yadda zanen Kano ke kaiwa har Tambutu. Ya hau Dala ya zana garin daga sama. Mutum ya yi wata da watanni a kan raƙumi don ya tsaya inda Ɗan_Gwammaja ke hangowa daga ƙofar gidansu.

In ka je Nasarawa kuma ga Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909. Shi ma ta Sahara ya taɓa ratsowa, daga Tarabulus zuwa Barno. Kuma jiragen sama na farko da suka sauka a Kano, a Nuwamban 1925 ne, guda uku na sojan Ingila daga Masar.

Direban_Tirela77:
To Malam ka ga ka kawo min hujja da kanka. Shi Abdulkarim ɗin me ya sa bai zauna a garinsu ya zaga unguwanni ba? Da Kanawan da suka yi suna, ai da tafiya suka yi. Fatake su ɗau wata da watanni zuwa Gwanja saro goro, da madugu da jagaba da jakuna ɗaruruwa. Alhasan Ɗantata sai da ya je har Gwalkwas, Gana ta yanzu, ya dawo. Tafiya mabuɗin ilimi aka ce, ba a ce zagaye ba.

Tsohon_Malamin_Tarihi:
Ban musa ba, Direba. Ban ce Dala za ta zama teku ba. Amma na ga mutanen da suka je Dubai sau biyar, in ka tambaye su me suka gani sai su ce kasuwa da otal. Wanda bai iya kallo a gida ba, ko ina ya je kaya kawai zai sauke ya ɗauka.

Kaka_Mai_Carbi:
Jikata ce ke rubuta min, ni idona ya yi rauni. Kakana a ƙafa ya tafi Makka, ta Barno da Chadi da Sudan, shekara bakwai kafin ya dawo. Yana tafiya yana tsayawa ya yi noma ko ɗinki ya samu guzuri. Ƙaninsa bai dawo ba, ya zauna a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, zuriyarsa na can. Da ya dawo bai ƙara fita ko Ƙofar Mazugal ba sai gona. Amma kullum bayan isha'i zaurensa cike yake, mutane na zuwa jin labarin kogin Nilu da jirgin ruwan Suwakin. Mu yara muna laɓe a soro muna ji. Rabin unguwarmu da bakinsa suka je Makka. Yanzu tsofaffin da suka yi irin wannan tafiya sun kusa ƙarewa, wanda ke da ɗaya a unguwarsu ya je ya zauna kusa da shi tun da sauran lokaci.

Maman_Hanifa:
Allah ya ƙara lafiya Kaka. Wannan ya taɓa ni.

Ɗan_Badala:
Ni takaici ne ya hana ni magana tun ɗazu. Kuna ta cewa a zaga a gani, me ya rage? Badalar da Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, ya fara ginawa kusan shekara ɗari tara da suka wuce, mu a zamaninmu muka cinye ta. Wani ya ɗebi ƙasar ya yi bulo, wani ya yanka fili ya kafa shago. Muna yara muna hawa kanta mu yi ta gudu daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ƙofar Na'isa ta asali an rushe ta a 2010 saboda faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Kududdufan da muka sani an cike su an yi gini, shi ya sa ruwa kaɗan sai ambaliya. Na kai ɗana in nuna masa inda muke wasa, na rasa wajen da zan nuna.

Injiniya_Sharaɗa:
Wannan ai dalili ne na a yi sauri a je, ba na a fasa ba. Ka ɗau hoton abin da ya saura. Ta wajen Goron Dutse zuwa Kansakali akwai sauran da za a gani.

Uwar_Biyu:
Amma a riƙe waya da kyau. Ƙanina garin ɗaukar hoto a wani lungu da magariba aka raba shi da tasa. A je da safe, kuma kada mutum ya tafi shi kaɗai.

Bakatsine_a_Kano:
Ba wanda ya ambaci hawan sallah. Hawan Daushe kaɗai ai ya isa. Har UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024.

Ɗan_Koli:
Sau ɗaya ko biyu ne a shekara, in an yi ke nan. Shi kuma mutumin ciwonsa na kullum ne.

Ɗan_Gwammaja:
Jama'a na gode ƙwarai, ban zaci abin zai kai haka ba. Bari in ba da rahoto. Jiya Asabar bayan asuba na ɗauki babban ɗana muka hau Dala. Malam ka yi gaskiya, rabona da hawa tun wata Takutaha ina aji uku na firamare. Na tsaya hutawa sau biyu, yaron na yi min dariya. Daga sama na ga hasumiyoyin masallacin Juma'a na cikin gari, ga Goron Dutse ta yamma, jirgi na sauka can wajen filin jirgi, hayaƙin masu ƙosai na tashi lungu-lungu. Na daɗe ina neman rufin gidanmu ban gane shi ba, yaron ne ya nuna min ta tankin maƙwabcinmu. Ya tambaye ni waye Barbushe, na yi ta kame-kame.

Da muka sauko muka bi ta cikin gari a ƙafa har Kurmi. Na yi abin da aka ce, na yi wa wani dattijo sallama na ce ni baƙo ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, kai ba jikan wane na Gwammaja ba ne? Ashe tare suka yi karatun allo da mahaifina. Baƙuntar tawa ba ta yi minti biyu ba. Amma ya zaunar da mu, ya nuna mana wani tsohon soro da ya ce fataken goro ke sauka a da.

Gaskiyar magana, na ji daɗi, na kuma kwana da ciwon cinya. Sai dai da yamma na bi ta Unguwa Uku kai saƙo, na ji ana kiran Yola, zuciyata ta sake yin abin nata. Don haka ban san wa zan ba gaskiya ba tsakanin Malam da Direba.

Direban_Tirela77:
Na faɗa muku. Ɗan_Gwammaja, in Allah ya kai mu bayan sallah ina da lodin Yola. Gaban mota akwai wuri, abincinka kawai za ka riƙe. Amma ka sani kwana biyu ne, kuma in taya ta fashe kai ne ƙaren mota.

Maman_Hanifa:
Sai ka fara neman izinin wadda ta ce aljani ne ya shafe ka.

Marini_Ƙofar_Mata:
Kafin Yola dai ka biyo ta karofi. Ka zo da farin yadi ka tsoma da hannunka.

Yarinyar_BUK:
Me zai hana a haɗa rukuni? Asabar ɗaya a wata, mata da maza da yara, Malam ya yi mana jagora. In da jama'a ne za a bar ni a gida.

Tsohon_Malamin_Tarihi:
Gwiwata ba za ta hau Dala ba, 'yata, amma a ƙasa zan iya. Mu fara daga Ƙofar Mata mu ƙare a Gidan Makama. Ƙarfe bakwai.

Sarkin_Zolaya:
Bakwai na Bature ko na Malam Bahaushe? In na Bahaushe ne ku sa ni a lissafi, zan same ku wajen gurasar Hajiya.

Ɗan_Damagaram:
Ku turo hotuna. In hanya ta yi kyau wata na gaba ina shigowa saro atamfa a Kwari, sai ku samu baƙon gaske da za ku zaga da shi. Ɗan_Koli, wane layi rumfarku take? Ina so in ga Buzun nan, wataƙila ma na san danginsa.